Matakai da muƙamai a Turanci: yadda za ka rarrabe kalmar graduation da danginta

Idan almajiri ya kai ƙarshen izu sittin, cewa muke yi ya sauke, a yi walima a ci shinkafa. Idan 'yan boko suka gama, gidan rediyo ya ce an yaye su, kamar yadda ake raba yaro da nono. Da Bature ya tashi faɗar wannan abu sai ya ɗauko kalmar da asalinta taku ne a kan matakala, ya ce *graduation*. Mu muna ganin mutum ya ajiye kayan da ya ɗauko, shi kuma yana ganin mutum ya ƙara hawa ɗaya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora, wani ɗalibina ne da nake koya wa aikin fassara. Na ba shi 'yar takardar da ake sakawa cikin kwalin maganin tarin yara. A ciki an ce a zuba maganin a ɗan kofin awo har zuwa *second graduation*. Da ya kawo mini aikinsa sai na ga ya rubuta, "a zuba har zuwa bikin yaye ɗalibai na biyu." Ya san maganar ba ta zauna ba, har ya ja mata layi da jan biro, amma ma'ana ɗaya tak ya sani. A wurin, ana nufin zane na biyu ne a jikin kofin. Na yi dariya, daga baya kuma na tuna cewa ni ma babu wanda ya taɓa jera mini waɗannan kalmomi a wuri ɗaya. Tuntuɓe na yi ta yi da su har na gane kansu.

Mataki na ɗaya: fara da uwar gidan

A harshen Latin akwai kalmar *gradus*, ma'anarta taku ko mataki. Ita ta haifi yawancin kalmomin da za ka haɗu da su, kuma da ka ga *grad* a cikin kalma, ka nemi matakalar da ke ɓoye a ciki.

*Grade* shi ne mataki guda ɗaya: ajin makaranta a Amurka, ko makin jarrabawa, ko darajar haja a kasuwa. *Gradual* abin da ke tafiya taki-taki ne, irin sannu ba ta hana zuwa. *Gradient* tsananin gangara ko hawan hanya, abin da injiniyan titi ke aunawa. *Gradation* jerin matakai ne waɗanda bambancinsu kaɗan-kaɗan ne. Ka je Ƙofar Mata a Kano ka dubi zannuwan da aka tsamo daga karofi, daga shuɗi mai haske zuwa wanda ya kusa zama baƙi, wannan jerin shi ne *gradation*. Ita ma *degree* 'yar gidan ce, sai dai ta bi ta Faransanci kafin ta iso Turanci, shi ya sa kamanninta suka ɗan sauya. Mun are ta mun ce digiri, kuma muna amfani da ita ta fuska biyu ba tare da mun lura ba: digirin jami'a da digirin zafin rana. Duk biyun matakai ne. Ma'aunin zafin ma tsohon sunansa *centigrade*, wato mai matakai ɗari daga daskarewar ruwa zuwa tafasarsa, kafin a sauya masa suna zuwa *Celsius* a 1948.

Ita *graduation* ɗin kanta ma'ana uku take ɗauka. Akwai kammala karatu. Akwai zanen awo a jikin sirinji, ko kofi, ko bulumbotin jariri. Akwai kuma tsara abu hawa-hawa, kamar haraji. Abin da za ka yi shi ne ka dubi maƙwabtanta a jimla. In ka ga makaranta ko riga da hula, yaye ne. In ka ga ruwa da mililita, zane ne. In ka ga kuɗi ko hukunci, hawa-hawa ne.

Ɓangaren makarantar ba shi da wuya, zan wuce shi da sauri. *Undergraduate* mai neman digirin farko, *graduand* wanda ya gama yana jiran ranar biki, *graduate* wanda aka ba shi, *postgraduate* mai neman na gaba. A jami'o'in Najeriya bikin sunansa *convocation*, a Amurka kuma an fi cewa *commencement*, kalmar da asalin ma'anarta farawa ce. Kuma idan Ba'amurke ya ce yana *graduate school*, yana nufin karatun digiri na biyu ko na uku.

Mataki na biyu: nemi hoton da ke bayan kowace kalma

Ƙamus zai ba ka *rank*, *tier*, *level*, *echelon*, duk ya ce mataki ko matsayi. Kama da wane ba wane ba ne. Kowace da hoton da ta taso da shi, kuma hoton ne ke faɗa maka inda za ta shiga.

*Rank* sahu ne. Ka tuna sahun sallah, kafaɗa da kafaɗa. Haka sojoji ke tsayawa a fareti: waɗanda ke gefe da gefe su ne *rank*, waɗanda ke bin bayan juna su ne *file*. Daga nan aka sami *rank and file*, wato ƙananan sojoji, ko talakawan jam'iyya da na ƙungiyar ƙwadago waɗanda ba su riƙe da komai. Idan jarida ta ce 'yan jam'iyya sun yi *close ranks*, daidaita sahu suka yi suka toshe kafa. In ta ce wani ya yi *break ranks*, ya fice daga sahu ne ya bijire. Saboda wannan asali, *rank* ta fi dacewa da mutum mai kaki ko mai muƙami, da kuma jerin wane ne na ɗaya wane ne na biyu.

*Tier* hawa ne, abu a kan abu, irin kujerun filin ƙwallo ko kek ɗin amarya mai hawa uku. Ana furta ta kamar "tiya". Ita ake amfani da ita ga hukumomi da rukunoni, kamar matakan gwamnati uku na Najeriya: tarayya, jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Ba a cewa *tier* ɗin kofur ya fi na farabiti.

*Level* kuwa kowane magini ya san ta, don ita ce lebur ɗin da yake ɗorawa a kan bulo ya duba ko ƙwayar iskar ta tsaya a tsakiya. Asalinta daga sunan ƙaramin ma'auni ne a Latin. Shimfiɗa ce da mutane da yawa ke tsaye a kanta daidai wa daida, shi ya sa duk 'yan shekarar farko a jami'a suke *100 level*, mai ƙoƙari da rago.

Sai dangin tsani. *Scale* daga kalmar Latin ta tsani ta fito, kuma tana nufin tsanin gaba ɗayansa, kamar *salary scale*. Ka lura, ba ita ce sikelin mai nama ba, wancan rubutu ne kawai ya haɗa su, asalinsu daban. *Rung* sanda ɗaya ce ta tsanin, an fi jin ta a maganar wanda ke can ƙasa. *Echelon* ma sandar tsani ce, amma ta Faransanci, ana furta ta "eshalon". Kalma ce ta jarida da taron manya, kusan kullum tare da *upper* ko *top*. Ban ba ka shawarar ka sa ta a wasiƙar neman aiki ba, za ta zama kamar babbar riga a gona.

*Hierarchy* ita ce tsarin duka, daga sama har ƙasa: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Daga Girkanci take, haɗin kalmar tsarki da ta mulki, kuma an fara amfani da ita ne wajen jera darajojin mala'iku a rubuce-rubucen Kirista. *Stratum*, jam'inta *strata*, shimfiɗar ƙasa ce irin wadda mai haƙar rijiya ke ratsawa, jar ƙasa, marmara, yashi, sai aka ara wa rukunonin al'umma. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce *pecking order*. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya zauna yana kallon kaji ya ga kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Duk matar da ta taɓa watsa tsaba a tsakar gida ta riga shi sani. Ana amfani da ita ga fifikon da ba a rubuce yake ba, irin wanda ke tsakanin yaran shago ko direbobin tasha.

Mataki na uku: gano ta ina aka fara ƙirga

A nan ne aka fi faɗuwa, kuma a nan nake so ka daɗe. Turanci ba shi da doka guda a kan ko lamba 1 ce sama ko ita ce ƙasa. Kowane fanni da al'adarsa.

Ɗauki *degree*. A asibiti, *first-degree burn* ita ce ƙuna mafi sauƙi, wadda ta tsaya a saman fata ta yi ja. *Third-degree* ita ce ta cinye fatar har ƙasa. Ka fita daga asibiti ka shiga kotun Amurka, sai lissafin ya juye: *first-degree murder* shi ne kisan da aka shirya aka yi da gangan, mafi girman laifi. Na taɓa jin mai karanta labarai ya ce wani ya sami "ƙuna mai daraja ta ɗaya" da murya irin ta ta'aziyya, alhali mutumin ko kwana bai yi a asibiti ba.

*Tier* ma haka take. Idan masana tattalin arziki suka ce *tier-one bank*, manyan bankuna suke nufi. Amma idan ma'aikacin banki ya ce asusunka *Tier 1* ne, kai ne a ƙasa: asusun da aka buɗe da ƙaramar shaida, mai iyaka a kan abin da zai shiga da wanda zai fita. Sai ka kai ƙarin takardu a ɗaga ka zuwa na 2, sannan na 3. Banki ɗaya, kalma ɗaya, hanya biyu.

*Grade* fa? A Amurka yaro yana tashi daga *first grade* ya hau har na 12, lamba na ƙaruwa yana girma. A tsohon tsarin horar da malamai na Najeriya kuwa, mai *Grade II* ya fi mai *Grade III*, kuma mai *Grade I* ya fi su duka. Sakamakon WAEC ma a juye yake: A1 ce ƙololuwa, C6 ce ƙarshen kiredit, F9 faɗuwa. Amma a makin jami'a mai ma'auni 5, babbar lamba ake nema: daga 4.50 zuwa sama ne ake samun *First Class*, daga 3.50 zuwa 4.49 kuma *Second Class Upper*. Wato ɗalibi ɗaya, a sakandare yana addu'ar ƙaramar lamba, a jami'a yana addu'ar babba.

*Primary* ma tana da fuska biyu. A makaranta da asibiti ita ce matakin ƙasa, sai *secondary*, sai *tertiary*. Amma *primary reason* shi ne babban dalili, *secondary* kuma na baya.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da ƙarin tarko. A tsarin Faransanci da suka yi karatu da shi, ajin sakandare ƙasa yake ƙirgawa: a fara da *sixième*, a je *cinquième*, har a kai *première* da *terminale*. Saboda haka *fifth grade* na Amurka ba *cinquième* ba ne, ɗan *fifth grade* yaron firamare ne. Shi kuma *sixth form* na Ingila shekaru biyun ƙarshe ne na sakandare.

Ga abin da nake yi. Idan na ga *class* ko *rate* tare da *first*, na ɗauka shi ne mafi daraja, kamar sarki mai daraja ta ɗaya, wanda takardun gwamnati ke kira *first-class*. Idan na ga *level*, *stage* ko *category* da lamba a bayansu, galibi babbar lamba ce ta fi girma ko tsanani, kamar ciwon daji *stage 4* da guguwa *category 5*. Idan kuwa *degree*, *grade* ko *tier* ne, ba na yarda da zato ko kaɗan. Sai na nemo ƙarshen tsanin biyu, na ƙasa da na sama, ko a cikin rubutun ko a wani wuri, kafin in rubuta kalma ɗaya. Haruffa ma haka. A rabon wutar lantarki na Najeriya, *Band A* ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, *Band E* kuma awa 4, kuma mai A ne ke biyan kuɗi mafi tsada.

Mataki na huɗu: gwada kanka da takardar albashi

Babu inda waɗannan kalmomi suka taru kamar takardar ma'aikacin gwamnati. Ka ari ta wani yayanka ko ƙanwarka ka duba. Za ka ga wani abu kamar GL 08/2.

GL ɗin *Grade Level* ne. Tsarin mai matakai 17 ya samo asali daga kwamitin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974 zamanin Janar Yakubu Gowon. Dattawa har yau suna tuna kuɗin Udoji da yadda rediyo da babur suka yi kasuwa. Lambar farko ita ce hawan da mutum yake. Ta biyun ita ce *step*, ƙananan matakai a cikin hawan, waɗanda ake ƙarawa shekara-shekara da ɗan ƙarin albashi. Ƙarin *step* ba ƙarin girma ba ne, kada ka yanka rago. Ƙarin girma shi ne tashi daga 08 zuwa 09.

Yanzu dubi sunan muƙamin. Mai digiri da ya shiga aikin tarayya a ɓangaren mulki yana farawa a mataki na 08 da sunan *Administrative Officer II*. Idan ya sami ƙarin girma zuwa 09 sai ya zama *Officer I*. Ka gani? A layi ɗaya na takarda ɗaya, wata lamba ta hau, wata ta sauka, kuma duk ci gaba suke nufi. Daga nan sai *Senior* a 10, *Principal* a 12, domin a tsarin tarayya ana tsallake 11 ne, sai *Assistant Chief* a 13, *Chief* a 14, *Assistant Director* a 15, *Deputy Director* a 16, *Director* a 17. Haka malaman jami'a suke: *Lecturer II* ne ke zama *Lecturer I*, sannan *Senior Lecturer*, sannan *Reader* ko *Associate Professor*, sannan farfesa.

Akwai kuma *cadre*. Wannan ba hawa ba ne, layin aiki ne, wato wane tsani ka kama tun farko. Mutum biyu za su iya zama a mataki na 08, amma tsanin ɗaya ya kai 17, na ɗayan ya tsaya a ƙasa da haka. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya koma makaranta da furfurarsa don a yi masa *conversion*, a sauya masa tsani.

Mataki na biyar: kula da 'yan kalmomin da ke gaban muƙami

Hausa tana da "mataimaki", Turanci yana da *deputy*, *assistant* da *vice*, kuma ba daidai suke ba. *Deputy* ya fi *assistant*. Shi ne mai tsayawa a madadin shugaba in ba ya nan. A aikin 'yan sanda DIG (*Deputy Inspector-General*) yana sama da AIG (*Assistant Inspector-General*), DCP (*Deputy Commissioner of Police*) yana sama da ACP (*Assistant Commissioner of Police*), amma a labaran Hausa duk sai ka ji "mataimakin sufeto janar" ko "mataimakin kwamishina". Ni idan ina fassara, ko dai in bar haruffan yadda suke, ko in ce babban mataimaki da ƙaramin mataimaki. *Acting* mai riƙon ƙwarya ne, *substantive* kuma wanda aka tabbatar masa da kujerar.

*Vice* tana da nata abin mamaki. *Vice President* mataimakin shugaban ƙasa ne, babu gardama. Amma *Vice-Chancellor* shi ne ainihin mai tafiyar da jami'a, shi za ka kira shugaban jami'a. *Chancellor* uban jami'a ne, sau da yawa basarake, wanda aka fi gani ranar bikin yaye ɗalibai. Haka nan *Assistant Professor* a Amurka ba yaron wani farfesa ba ne, cikakken malami ne a matakin farko na tsaninsu.

A soja akwai tambayar da ɗalibai ke yi mini kowace shekara. Manjo ya fi laftanan nesa ba kusa ba, to me ya sa laftanar janar ya fi manjo janar? Amsar tana cikin tarihin kalmomin. *Lieutenant* Faransanci ne, ma'anarsa mai riƙe wuri, wato wakili. Laftanar kanar wakilin kanar ne, laftanar janar wakilin janar, don haka yana dab da shi. Shi kuma *major general* guntun tsohon suna ne, *sergeant major general*, aka yar da kalmar farko. Idan ka tuna akwai samanja a ɓoye a cikin sunan, jerin zai zauna maka: birgediya, manjo janar, laftanar janar, janar. Wani tarkon kuma, kyaftin na sojan ruwa ba sa'an kyaftin na sojan ƙasa ba ne, daidai yake da kanar.

Mataki na shida: hawa da sauka

Mutum ake yi wa *promote* da *demote*, ƙarin girma da rage girma. Abu ko hukuma ake yi wa *upgrade* da *downgrade*: waya, kwalejin da aka mayar jami'a, masarautar da aka ɗaga darajarta. Alƙalai kuma an fi cewa an yi musu *elevate* zuwa kotu ta sama. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce *degrade*. Ta yi kama da *downgrade* amma ta yi nisa da ita, tana nufin wulaƙanta mutum, ko lalacewar abu kamar ƙasar noma. Wanda ya rubuta wa hukuma ƙorafi ya ce an yi masa *degrade* alhali mataki aka rage masa, ya shigar da wata ƙara daban.

Masu kallon ƙwallo sun riga sun san *relegate*. A gasar Firimiya ta Ingila mai ƙungiyoyi 20, ukun ƙarshe ne ke faɗawa gasar 'yan dagaji, wato *Championship*. Ka lura da suna a nan ma: gasar da ake kira *League One* ita ce hawa na uku, *League Two* kuma na huɗu.

Mataki na bakwai: koma kan kofin magani da haraji

Tunda da shi muka fara, bari mu karanta zanen awo yadda ya kamata. Ɗauki sirinji mai mililita 5. Nemi lambobi biyu da ke kusa da juna, a ce 1 da 2. Ƙirga gurabun da ke tsakaninsu, gurabu fa, ba layuka ba. In ka sami biyar, raba mililita ɗaya gida biyar, kowane *graduation* ya zama 0.2. Saboda haka 1.4 yana kan ƙaramin layi na biyu bayan 1. Kada ka ɗauki lissafin wannan sirinji ka kai kan wani, domin ƙaramin sirinji mai mililita 1 zanensa ya fi wannan ƙanƙanta sosai. Duk abin da aka kira *graduated*, kofi ne ko kwalbar ɗakin gwaje-gwaje, haka ake karanta shi, kuma a ajiye shi a lebur, ido daidai da saman ruwan.

*Graduated tax* shi ne harajin da ke hawa yadda samu ke hawa, kowane hawa kuma sunansa *band* ko *bracket*. Mutane da yawa suna tsoron ƙarin albashi wai zai jefa su hawa na sama a cinye musu kuɗi. Ba haka lissafin yake ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, an ce naira dubu 100 na farko babu haraji, dubu 100 na biyu kashi 10 cikin ɗari, abin da ya haura nan kashi 20. Mai samun dubu 250 ba zai biya kashi 20 na kuɗinsa duka ba. Na farko ba ya biyan komai, na biyu ya biya dubu 10, ragowar dubu 50 ɗin ya biya dubu 10. Jimla dubu 20, ba dubu 50 ba. Kishiyar wannan tsari ita ce *flat rate*, kowa kaso ɗaya.

Aikin da nake ba ɗalibaina bayan wannan darasi ba shi da tsada. Ka sami littafin rubutu mai shafi 40. A kowane shafi ka zana tsani ɗaya a tsaye, ka rubuta sunan fannin a sama: soja, 'yan sanda, jami'a, banki, asibiti, ƙwallo. Duk lokacin da ka tsinci kalma a jarida ko a wata takardar ofis, ka sa ta a sandar da ta dace, ka rubuta Hausarta a gefe, ka kwafe jimlar da ka gan ta a ciki. A gefen hagu kuma ka ja kibiya mai nuna inda lamba ke ƙaruwa, sama ko ƙasa. Ɗalibin nan mai bikin yaye ɗalibai na biyu, littafinsa ya cika tun kafin ƙarshen zango, har ya ƙara wani shafi da ban sa shi ba, na gwanjo, inda ya jera *first grade* a sama da kibiyarsa tana kallon ƙasa.